Babi na Uku: Shuɗaɗɗen Lokaci a Nahawun Ingilishi da Matsalar Ɗalibi Bahaushe a Sule Tankarkar

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi bayani a kan sigogin da harshen Ingilishi yake amfani da su wajen faɗin abin da ya wuce, da yadda ake gane kowace siga, da kuma muhallin da ake sa ta. Daga nan za a kwatanta su da abin da ake kira shuɗaɗɗen lokaci a nahawun Hausa, domin a fito da wuraren da harsunan biyu suka saɓa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, mafi yawan kurakuran da ɗalibi Bahaushe yake yi a wannan fanni tushensu guda ne, wato ya ɗauka cewa “ya tafi” ta Hausa daidai take da “he went” ta Ingilishi a ko'ina, alhali kuwa kowacce da aikin da take yi a harshenta. An gina misalan babin a kan rayuwar yau da kullum ta ƙasar Gumel. Duk jimlar da aka sa wa alamar tauraro a farkonta, jimla ce wadda ba ta karɓu ba a daidaitaccen Ingilishi.

3.1 Matsayin Ingilishi a Yankin

Sule Tankarkar ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel. Sauran su ne Gumel da Maigatari da Gagarawa. Yankin yana arewacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma yana dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Akwai Hausawa da Fulani da Mangawa a yankin, amma Hausa ce harshen da ya game kowa a gona da kasuwa da masallaci. Yaron da ya tashi a Ɗanladi ko Ɗangwanki ko Jeke yana iya wuni bai ji cikakkiyar jimlar Ingilishi ba sai a cikin aji. Saboda haka duk abin da zai koya na Ingilishi, a kan ginshiƙin Hausa yake ɗora shi, ko malami ya so ko bai so ba.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a azuzuwan farko na firamare, sa'an nan a koma ga Ingilishi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwar janye wannan tsari. Duk da wannan kai da kawowa, abu ɗaya bai sauya ba: ɗalibin da bai sami kiredit a Ingilishi ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. A sashen insha'i na jarrabawar WAEC ana buƙatar rubutu na kalmomi kimanin 450, kuma daga cikin batutuwan da akan ba da zaɓi akwai rubuta labari. Labari kuwa kusan dukkansa a cikin shuɗaɗɗen lokaci ake ba da shi. Ke nan ɗalibin da bai iya sarrafa wannan lokaci ba, kuskurensa zai yi ta maimaituwa daga layin farko har na ƙarshe.

3.2 Lokaci da Yanayin Aiki

Kafin a shiga cikin sigogin, ya kamata a bambance abubuwa biyu da akan cakuɗa. Comrie (1985) ya bayyana lokaci a nahawu da cewa hanya ce da harshe yake bi ya nuna inda aiki ya faɗo idan aka auna shi da wani lokaci, galibi lokacin da ake magana: kafinsa ne, ko a cikinsa, ko bayansa. Yanayin aiki kuwa, kamar yadda Comrie (1976) ya nuna, ya shafi yadda mai magana yake kallon aikin kansa: ya kammala ne, ko yana cikin gudana, ko kuwa ana maimaita shi.

Quirk da abokan aikinsa (1985) sun nuna cewa idan aka dubi ƙirar aikatau kaɗai, lokuta biyu Ingilishi yake da su, wato na yanzu da wanda ya wuce, kamar “walk” da “walked”. Sauran sigogin duk ana gina su ne da taimakon wasu ƙananan aikatau, musamman “be” da “have”. Muhimmin abin lura a nan shi ne, a Ingilishi jikin aikatau ne yake sauyawa, kuma tilas ne kowane aikatau mai riƙe da jimla ya nuna lokacinsa, ko da an riga an ambaci “jiya” ko “bara” a cikin jimlar.

3.3 Sigogin Ingilishi Masu Faɗin Abin da ya Wuce

3.3.1 Shuɗaɗɗe Tsantsa

Wannan ita ce sigar da littattafan makaranta suke kira “simple past”. Ana amfani da ita ga aikin da ya auku a wani sanannen lokaci wanda ya riga ya ƙare, ko an ambaci lokacin ko kuwa mai magana da mai sauraro duk sun san shi.

1. Jigawa State came into being in 1991.
An kafa Jihar Jigawa a 1991.

2. Musa sold his sesame at Maigatari last Thursday.
Musa ya sayar da riɗinsa a Maigatari ranar Alhamis da ta wuce.

Ta fuskar ƙira, aikatau ɗin Ingilishi sun kasu biyu. Akwai masu bin ƙa'ida, waɗanda ake yi wa ɗafa-ƙeyar “-ed”, kamar “plant” da “planted”. Akwai kuma marasa bin ƙa'ida, kimanin 200, waɗanda wasunsu suke sauya wasali, kamar “sing” da “sang”, wasu ba sa sauyawa ko kaɗan, kamar “cut” da “put”, wasu kuma suke ɗauko wata kalma dabam. Misalin na ƙarshe shi ne “went”, wadda asalinta daga tsohon aikatau “wend” take, daga baya ta zama ita ce shuɗaɗɗiyar sigar “go”. Ko da yake marasa bin ƙa'ida ba su da yawa, su ne aka fi amfani da su: be, have, do, say, make, go, take, come, see, get. Ba yadda za a yi ɗalibi ya ba da labari bai taɓa su ba.

3.3.2 Shuɗaɗɗe Mai Ci

Ana gina wannan siga da “was” ko “were” tare da aikatau mai ɗafa-ƙeyar “-ing”. Tana nuna aikin da yake cikin gudana a wani lokaci da ya wuce, sau da yawa har wani aikin ya katse shi.

3. The women were threshing millet when the rain started.
Mata suna sussukar gero sai ruwa ya sauko.

3.3.3 Shuɗaɗɗe Magabaci

Ana gina shi da “had” tare da siga ta uku ta aikatau, kamar “gone” ko “eaten” ko “planted”. Aikinsa shi ne nuna cewa daga cikin ayyuka biyu da suka wuce, wannan ne ya riga aukuwa.

4. The lorry had left before we reached the motor park.
Motar ta tashi kafin mu isa tasha.

3.3.4 Magabaci Mai Ci

Wannan siga ta haɗa biyun da suka gabata, wato “had been” tare da “-ing”. Tana nuna aikin da ya ɗauki lokaci yana gudana kafin wani abu ya auku.

5. The farmers had been waiting for three weeks when the rain finally fell.
Manoma sun yi mako uku suna jira kafin ruwa ya sauka.

3.3.5 Shuɗaɗɗe Mai Gurbi a Yanzu

Wannan ita ce “present perfect”, wadda ake ginawa da “has” ko “have” tare da siga ta uku. A rabon nahawun Ingilishi tana cikin lokacin yanzu, amma dole a kawo ta a nan domin ita ce ta fi rikita ɗalibi Bahaushe. Tana nuna aikin da ya wuce wanda gurbinsa yake nan har yanzu, ko kuma yanayin da ya faro a baya ya iso lokacin magana. Ba ta zama tare da bayanau mai nuna lokacin da ya ƙare, kamar “yesterday” ko “last year”.

6. The headmaster has gone to Gumel.
Hedimasta ya tafi Gumel, wato har yanzu bai dawo ba.

3.4 Shuɗaɗɗen Lokaci a Hausa

A Hausa aikatau ba ya sauya jiki saboda lokaci. Kalmar “tafi” tana nan yadda take a cikin “ya tafi” da “zai tafi” da “yakan tafi”. Abin da yake sauyawa shi ne zagin aikatau tare da manunin lokaci da ke manne da shi. Galadanci (1976) ya kawo shuɗaɗɗun lokuta biyu, waɗanda a makarantu ake kira shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu. Idan aka nuna tsawon wasali, ga yadda suke:

Na ɗaya: naa, kaa, kin, yaa, taa, mun, kun, sun, an.
Na biyu: na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka.

Idan aka lura da kyau, za a ga cewa na ɗaya bai tsaya ga abin da ya wuce ba. Dubi waɗannan jimloli:

7. Jiya sun tafi Gagarawa.
8. Ba sa nan, sun tafi Gagarawa.
9. Ko da muka zo, sun tafi Gagarawa.
10. Gobe war haka sun tafi Gagarawa.

Yankin “sun tafi” bai sauya ba a jimlolin huɗu, amma a Ingilishi sigogi huɗu ake bukata: “they went” a ta 7, “they have gone” a ta 8, “they had gone” a ta 9, “they will have gone” a ta 10. Jimla ta 10 ma maganar gobe take yi. Har ila yau, Bahaushe yana cewa “na sani” da “na gaji” da “na ƙoshi” da “na yarda”, duk da zagin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, alhali halin da yake ciki a yanzu yake faɗi. Wannan ya nuna cewa abin da “sun” take ɗauke da shi shi ne kammaluwar aiki. Lokacin da aikin ya kammala kuwa, muhallin magana ne yake nuna shi, ko wani bayanau kamar “jiya” ko “gobe”. Dalilin haka ne Newman (2000) da Jaggar (2001) suka ba wannan siga sunayen da ke nuna kammaluwa maimakon wucewa.

Bambancin na ɗaya da na biyu ma bai shafi nisa ko kusancin lokaci ba. Ana amfani da na biyu a cikin ganga dogarau, kamar “yaran da suka zo”, da tambaya mai kalmar tambaya, kamar “su wa suka zo?”, da jimlar da aka ƙarfafa wani yankinta, kamar “su Audu ne suka zo”, da kuma jeranta ayyuka a cikin labari, kamar “muka tashi, muka yi salla, muka kama hanya”. Ingilishi ba ya sauya sigar aikatau saboda irin waɗannan dalilai. A taƙaice, kowane harshe ya yanka gonarsa ta wata fuska dabam, kunyoyin ba su hau kan juna ba.

3.5 Wuraren da Kuskure Yake Aukuwa

Lado (1957) ya yi hasashen cewa inda harshen uwa da baƙon harshe suka saɓa, nan mai koyo zai fi shan wuya. Corder (1967) kuma ya nuna cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta ƙa'idar da yake aiki da ita a cikin kansa. A bisa waɗannan ra'ayoyi biyu za a dubi ire-iren kurakuran da ke biye.

3.5.1 Barin Aikatau Tsirara

11. *Last year my father plant sesame and sell it in Maigatari.

Ɗalibin da ya rubuta wannan bai mance da lokaci ba. A ganinsa “last year” ta riga ta yi aikin, kamar yadda “bara” za ta yi a Hausa, aikatau kuma ba abin taɓawa ba ne. Tsarin sautin Hausa ma yana ƙara wa wannan kuskure ƙarfi. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda baƙaƙe biyu su taru a ƙarshenta ba. Shi ya sa “bench” ta zama “benci”, “bank” ta zama “banki”, “paint” ta zama “fenti”. Ita kuwa ɗafa-ƙeyar “-ed” furuci uku gare ta: /t/ bayan sauti marar ziza, kamar a “walked”, da /d/ bayan sauti mai ziza, kamar a “begged”, da /id/ bayan /t/ ko /d/, kamar a “planted”. A iri biyu na farko sau da yawa baƙaƙe biyu ko uku ne suke taruwa a ƙarshen kalma, sai mai magana ya yar da na ƙarshen, wanda kuwa shi ne alamar lokacin. Idan malami ya furta “walk” da “walked” iri ɗaya, kunnen ɗalibi ba zai taɓa jin bambancin ba, abin da kunne bai ji ba kuwa hannu ba zai rubuta shi ba.

3.5.2 Cakuɗa “Went” da “Has Gone” da “Had Gone”

12. *I have seen him yesterday.
13. *When we reached the school, the examination started already.

Wannan shi ne babban rami. Tun da “na gan shi” tana iya zama “I saw him” ko “I have seen him” ko “I had seen him”, ɗalibi yakan ɗauki wadda ta fara zuwa masa, ko wadda yake ganin ta fi nuna gwaninta. A jimla ta 12 kalmar “yesterday” ta rufe lokacin, don haka “saw” ce ta dace. A ta 13 fara jarrabawa ya riga isowa, don haka “had started” ake bukata.

Sai dai a nan Hausa tana da abin da za ta taimaka da shi, wanda ba a cika lura da shi ba. A cikin labari, Bahaushe yana bambance waɗannan:

14. Da malami ya shigo, ɗalibai suka fita.
15. Ko da malami ya shigo, ɗalibai sun fita.

Duk yaron da ya ji Hausa ya san cewa a ta 14 malami ya tarar da su sa'an nan suka fita, a ta 15 kuwa aji fayau ya tarar. Ingilishin ta 14 shi ne “the students went out”, na ta 15 kuma “the students had gone out”. Ke nan a cikin jerin labari “suka” takan yi daidai da shuɗaɗɗe tsantsa, idan kuma aka ga mai labari ya saki “suka” ya koma “sun”, musamman bayan “muka tarar” ko “ashe” ko tare da “riga”, to muhallin “had” ne. Ɗalibi ya riga ya mallaki wannan bambanci tun yana sauraren tatsuniya, abin da ya rage a nuna masa shi. Ya fi kyau a yi gwajin da zagin jam'i, domin a rubutun yau da kullum ba a nuna tsawon wasalin da ya raba “yaa” da “ya”. Ya kamata kuma a kiyaye cewa wannan daidaito na cikin labari ne kawai. A tambaya irin “su wa suka zo?” ana iya samun “who came?” ko “who has come?” gwargwadon muhalli.

3.5.3 “Yana” da “Suna”

16. *When I entered, they are eating.
17. *He is here since morning.

Lokaci mai ci na Hausa shi ma bai damu da yanzu ko dā ba. Ana cewa “yanzu suna cin abinci”, ana kuma cewa “da na shiga suna cin abinci”. Saboda an koya wa ɗalibi tun firamare cewa “suna” ita ce “they are”, sai ya kai ta ko'ina. A jimla ta 16 “were eating” ce daidai. A ta 17 kuwa, wadda aka ɗauko daga “yana nan tun safe”, Ingilishi yana buƙatar “has been”, domin yanayin ya faro a baya ya iso yanzu. Bugu da ƙari, akwai aikatau na so da sani da mallaka waɗanda ba su cika karɓar “-ing” ba. Don haka “muna so mu sayar” a cikin labari “we wanted to sell” ce.

3.5.4 “Yakan” da “Used To”

18. *My mother use to cook tuwo every night.

Lokaci sabau na Hausa yana aiki ga al'adar yanzu da ta dā: “takan yi tuwo kullum” da “dā takan yi tuwo kullum”. Ita kuwa “used to” ta Ingilishi ga al'adar da aka daina kawai ake amfani da ita. Ɗalibi ya ɗauke ta a matsayin fassarar “kan”, sai ya ƙirƙiro mata sigar yanzu wadda babu ita. Idan har yanzu ana yin tuwon, “cooks” ko “usually cooks” ce ta dace. Wannan kuskure ya bazu a Ingilishin Nijeriya gaba ɗaya, bai tsaya ga Hausawa ba, amma samuwar “kan” a Hausa tana sa ya yi saurin kama ƙasa.

3.5.5 Korewa da Tambaya

19. *He did not came.
20. *Did you saw the doctor?

A nan ɗalibi ya koyi darasin sauya aikatau, sai ya wuce gona da iri. Ƙa'idar ita ce alamar lokaci sau ɗaya take fitowa, kuma a kan kalmar farko ta rukunin aikatau. Idan “did” ta shigo, ita ta ɗauke nauyin, sai babban aikatau ya koma tsirara. Abin sha'awa shi ne wannan tsari ya yi kama da na Hausa, inda “bai” take ɗauke da komai a cikin “bai zo ba”, “zo” kuma ba ta motsa ba. Sai dai “bai zo ba” ɗaya ce tak ga shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, kuma tana iya zama “did not come” ko “has not come” ko “had not come”. Kalmar “tukuna” alama ce mai kyau: “bai zo ba tukuna” a maganar yanzu “has not come yet” ce.

3.5.6 Ruwaito Maganar Wani

21. *The village head said that he will come, but he did not.

Hausa tana barin maganar da aka ruwaito a cikin lokacin da mai ita ya faɗe ta: “dagaci ya ce zai zo”. Ingilishi kuwa yakan ja ta baya taki ɗaya idan aikatau ɗin ruwayar ya wuce, sai “will” ta koma “would”, “is” ta koma “was”, “has gone” ta koma “had gone”. Ana iya barin ta yadda take idan maganar tana nan daram har yanzu, amma a jimla ta 21 alkawarin ya riga ya wuce, don haka “would” ce ta dace.

3.5.7 Kurakuran da ba Daga Hausa Suke ba

Ba kowane kuskure ne za a ɗora wa harshen uwa ba. Ɗalibin da ya rubuta “goed” ko “buyed” ko “cutted” ya faɗaɗa ƙa'idar “-ed” ne zuwa inda ba ta kai ba, kuma yaran Ingila ma suna yin haka lokacin da suke koyon magana. Irin wannan alama ce ta cewa ƙa'idar ta zauna. Maganinsa hadda da yawan karatu, kamar yadda baƙon da ke koyon Hausa ba shi da wata dabara ta sanin cewa jam'in “gida” shi ne “gidaje”, na “mace” kuma “mata”, sai dai ya riƙe su ɗaya bayan ɗaya.

3.6 Hanyar Zaɓen Siga

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da tambayoyi huɗu waɗanda ɗalibi zai yi wa kansa kafin ya rubuta aikatau. Na farko, aikin ya auku ne a lokacin da ya riga ya ƙare? In haka ne, shuɗaɗɗe tsantsa. Na biyu, yana cikin gudana ne a wancan lokaci? In haka ne, “was” ko “were” da “-ing”. Na uku, ya riga wani aikin da shi ma ya wuce? In haka ne, “had”. Na huɗu, lokacin da ake magana a kansa ya iso har yanzu? In haka ne, “has” ko “have”. Ga ɗan gajeren labari da za a gwada tambayoyin a kansa:

“Ranar Alhamis da ta wuce muka je kasuwar Maigatari da babana. Mun yi wata uku muna kiwon wani sa. Da muka isa kara, dillalai sun riga sun cika wurin, mutane suna ta ciniki. Muka jira har azahar, sa'an nan muka sayar. Tun daga ranar ban sake komawa ba.”

“Last Thursday my father and I went to Maigatari market. We had been fattening a bull for three months. When we reached the cattle section, the brokers had already filled the place and people were bargaining. We waited until afternoon, and then we sold it. I have not gone back since that day.”

Idan aka jera su, za a ga duk inda aka ce “muka” an sami shuɗaɗɗe tsantsa: went, reached, waited, sold. Inda labarin ya koma “mun yi wata uku muna” an sami “had been fattening”, inda ya ce “sun riga sun” an sami “had already filled”. “Suna ta ciniki” ta ba da “were bargaining” saboda tana cikin labarin da ya wuce. Jimlar ƙarshe kaɗai ce ta fito daga cikin labarin ta iso yau, kalmar “tun” ce ta nuna haka, shi ya sa ta ɗauki “have”. Sigogi biyar ɗin duk sun fito a cikin jimloli biyar, kuma kowacce akwai alamarta a cikin Hausar.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Ingilishi yana tilasta wa aikatau nuna lokaci, Hausa kuwa tana nuna kammaluwar aiki ko gudanarsa a kan zagi, ta bar wa muhalli sauran. An kuma ga cewa fassara ta kai tsaye, wato “ya” ita ce “-ed”, “yana” ita ce “is”, “yakan” ita ce “used to”, ita ce take haifar da mafi yawan kurakuran da aka kawo. Ga ɗalibin Sule Tankarkar, wanda ba ya jin Ingilishi a waje balle kunnensa ya gyara masa, jadawalin aikatau da ake haddacewa a allo ba zai wadatar ba. Yana buƙatar malamin da ya san nahawun harsunan biyu, wanda zai fara da labarin Hausa, ya sa yara su ja layi a ƙarƙashin “suka” da “sun” da “suna”, kafin su juya shi zuwa Ingilishi. Wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan cibiyoyin horar da malamai, musamman Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, wadda ita ce mafi kusa da makarantun yankin. Babi na huɗu zai dubi yadda za a tsara darussan aji a bisa wannan hanya.